Hancina da Bakin Pa Etiyen

Tunda aka fara jibge injinan famfon lemo a kasuwar Grand Hangar kamar ana sayar da bokitan roba, kowane yaro a unguwarmu ta New Bell, nan Douala, ya zama gwani. Ga ku nan kun haɗa jari, kun sayo mai famfo biyu, kun ɗauko shi a bayan bensikin, wato ɗan acaɓa, kuna rungume da shi kamar jariri, wai in ɗan duba muku kafin ku buɗe shagon folere, wato zoɓo. Har wani a cikinku yana ce mini, "Baba Garba, ai ba wani aiki ba ne, hannu kawai za ka ja ya zubo." Gaskiyarka, ɗana. Fiɗar asibiti ma ba wani aiki ba ne, wuƙa kawai za ka ja ta yanka. Ku ajiye wayoyin nan ku zauna, in ba ku labarin abin da ke bayan hannun da ake ja.

Ban fara da famfo ba, da firiji na fara. Mahaifina mahauci ne a kasuwar New Bell. A nan aka haife ni, a nan na yi makarantar Faransanci har ta gaji da ni ta sallame ni. Sai ya kama hannuna ya kai ni Kassalafam, wurin wani Bamileke mai gyaran firiji da ake kira Metir Cinda. Aikin farko da nake tunawa shi ne firizar wata mai kifi da aka turo a amalanke, kifin da ke ciki ya riga ya koma miya. Ni ina tsaye ina jira a ba ni sifana in nuna bajinta. Metir ya miƙo mini kofin ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, ya ce in bi bututun baya ina shafawa har in ga inda yake hura kumfa. Na wuni a durƙushe, ƙudaje sun ɗauke ni ɗan'uwan kifin. Da na gano ramin, bai kai bakin allura ba. Abin da Metir ya ce kawai shi ne, "Ka daɗe."

Duk shekarun da na yi a hannunsa bai taɓa koya mini abu da baki ba. Sai dai ya kama ƙeyata ya tura kaina cikin inji ya ce in shinshina. A haka na san warin waya mai shirin ƙonewa, da warin man da ruwa ya shiga, da warin ɓeran da ya zaɓi bayan kwanfireso ya zama makwancinsa na ƙarshe. Ban san hanci yake gina mini ba, na ɗauka mugunta ce kawai. Har yau ina zaton rabi da rabi ne.

Da Metir ya yaye ni, sai wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni. Aikinsu su kawo giya a ganga, su kafa injin famfo a otal-otal da mashayun Akwa da Bonapriso, abin da ake kira firesiyon. E, giya. Kada ku zare mini ido, an riga ku. Liman ya kira ni ya gaya mini hukuncin mai ɗauka da mai zubawa, ban kuma yi masa musu ba. Hajara, matata, ta kafa doka: ba na taka tabarmarta sai na yi wanka a waje na sauya kaya. Mutanen unguwa kuwa suka laƙaba mini Garba Tiyo. Da yamma su ci namana a bakin masallaci, da safe su aiko in zo in duba musu firiji saboda zumunci. Abu ɗaya na riƙe, ban taɓa kai ta baki ba. Ban ce wannan ya wanke ni ba, na dai faɗa muku yadda abin yake.

Kamfanin bibbiyu yake tura mu, mai inji da mai ɗanɗano. Abokin tafiyata shi ne Pa Etiyen, wani dattijo ɗan asalin Douala, siriri, mai farar riga kullum a goge, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ɗakin gwajin wata masana'antar giya kafin a rage ma'aikata. Ba ya shafa turare, ba ya shan taba, kuma ba ya cin barkono ranar aiki, a garin da ko ruwan sha aka samu dama sai an sa masa barkono. A aljihunsa kullum akwai gutsuren busasshen burodi na goge harshe. Alaji yake kirana, kamar yadda suke kiran duk wanda suka gani da hula, ko da kuwa bai san hanyar filin jirgi ba.

Aikinmu na farko tare a wata mashaya ne a Akwa, da hantsi, kafin masu sha su farka. Mai wurin yana ta ihu wai an kawo masa gangar kumfa, in ka ja famfo sai fari fat kamar ana wanki. Na buɗe akwatina. A ciki akwai sifana, da agogon auna gas, da 'yan robobin toshe yoyo, da ƙananan ƙwallayen soso da ake turawa cikin tiyo su goge shi, sai galan ɗin soda mai hoton ƙoƙon kai a jiki. Ashe bawan Allah ya jingina gangar da bangon kicin, daidai bayan murhun gasa kifi, sannan ya murɗe gas har ƙarshe, don wani masani ya gaya masa hakan na sa ta yi auki. Na matsar da ganga, na rage gas, na wanke tiyon. Abin da ya fito daga cikinsa ya isa a shuka tumatir. Sai Pa Etiyen ya karɓi kofi. Ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, ya juya shi a hankali, ya sa hanci, ya cire, ya sake sawa. Ya kurɓa kaɗan ya riƙe a baki yana kallon rufi kamar mai neman sunan wani tsohon maƙwabci, sannan ya haɗiye.

"Tiyon ya fita," in ji shi. "Kofin ne aka wanke da sabulun tufafi. A canja."

Da muka fito na ce, "Pa, wato kai ana biyanka don ka sha, ni kuma ana biyana don in kwashe ƙazanta?"

Ya ce, "Alaji, kowa a garin nan yana sha. Ni kaɗai nake ji."

Na ɗauka cika baki ne, irin na tsofaffi. Sai da na ga ranar da ya kurɓi kofi a wani otal ya ce mini in je in duba, akwai robar da ta fara ruɓewa a bakin ganga. Na kwance ina gunaguni, na same ta ta yi laushi kamar tuwon jiya. Daga nan na daina yi masa ba'a, sai dai a zuciya.

Masu mashaya iri-iri ne, kuma dukansu sun fi ka sanin aikinka. Akwai mai kashe injin sanyi in an tashi, don kada wutar lantarki ta cinye shi, gobe ya kira ka yana rantsuwa da kabarin kakarsa cewa bai taɓa komai ba. Akwai wanda ya ce a bar wankin tiyo, ai giya da kanta tana kashe ƙwayar cuta, likita ne shi. Su kuma masu sha kalma biyu suka sani a duniya, "bien glacée", wato mai sanyi ƙarara. Ka ba su ruwan kwata, in dai zai daskarar da haƙori, za su lashe baki su ce sai wannan.

Sai shekarar annoba ta zo, wadda ku kuke tunawa da ita a matsayin dogon hutun makaranta. Mu ba hutu muka gani ba. Aka ce mashayu su rufe tun rana ba ta faɗi ba, otal-otal suka koma kufai, gangunan da aka buɗe suka tsaya suna tsami. Patiron, wato mai kamfanin, ya fara sallamar mutane, kuma saboda girmama na gaba, da tsofaffi yake farawa. Ana cikin haka Pa Etiyen ya kwanta. Da ya dawo rigarsa ta yi masa yawa, amma da ƙafarsa ya zo, muka gode Allah.

Tunda aikin giya ya yi ƙasa, patiron ya koma karɓar duk wani aikin sanyi. Ya tura ni Youpwé in gyara wa masu kifi injin ƙanƙara, Pa Etiyen ya bi ni yana riƙe mini akwati don a ga yana da amfani. Wanda ya san Youpwé da tsakar rana ya san ba a buƙatar allon da zai nuna an iso, hanci ne ke sanarwa tun daga nesa. Balle ranar, da injin ya kwana a mace. Ni na ɗaure fuska da hankici. Pa Etiyen ya tsaya a tsakiyar kwandunan kifi, ya ja numfashi, ya ce, "Kai, an gyara kasuwar nan. Ba wari ko kaɗan."

Na ajiye sifana na dube shi. Shi ma ya dube ni, ya ga hankicin, ya ga matan da ke toshe hanci da gefen zane. Sai da muka gama muka fito bakin titi ya ja ni gefe.

"Tun da na tashi daga ciwon nan," ya ce. "Kofi, ruwa, miyar matata, duk ɗaya. Kamar ina tauna takarda. Alaji, ranar da patiron ya ji, ranar zan tafi gida. Kuma jikokina a wuyana suke."

Na ce, "Ni ban ji komai ba, Pa. Kifi dai na ji yana wari."

Aikin da ya ɗaure mu da gaske shi ne na giyar Sikotland. Da aka fara sassauta doka, wani otal a Bonapriso da injiniyoyin jiragen ruwa ke sauka ya sa aka kawo ta a ganga, don Madam Solanj, mai kula da mashayar, ta ji suna ta kewarta. Irinta ba ta taɓa bi ta hannunmu ba. Washegarin da aka kafa ta, Madam ta bugo waya kamar za ta fasa kunne: giyar ta lalace a teku, baƙa ce, ba ta da ɗanɗano, kumfa ta fi ruwa, a zo a kwashe har da injin. Patiron ya gaya mana cikin ƙauna cewa in muka rasa otal ɗin nan, kada mu wahalar da kanmu da dawowa ofis.

Muka same ta tsaye ta riƙe ƙugu. Na ja kofi na miƙa wa Pa Etiyen. Ya ɗaga ga haske. Ba baƙa ba ce, ja ce mai duhu, kamar shayin da aka manta a kan wuta. Ya sa hanci, ya kurɓa, ya kalli rufi. Ya daɗe yana kallo, har Madam ma ta ɗaga kai ta ga ko akwai wani abu a can. Sannan ya ce yana son ganin inda aka ajiye gangar. Ya ja ni sito da kofin a hannu, ya turo ƙofa.

"Alaji, kurɓi ɗaya tak. Ka tofar in ka so. Allah zai gane."

"Allah ya riga ya gane, Pa, shi ya sa ba zan kurɓa ba."

"To mun mutu."

"Kawo in shinshina."

Na sa hanci, ban ji komai ba sai sanyi. Na ce masa wannan ai kamar shinshinar ƙanƙara ne. Sai na ga idonsa ya buɗe. Ya karɓi kofin ya rungume shi da tafin hannu biyu, yana juyawa, har raɓar jikin gilashin ta tsiyaye. Ya sake miƙo mini.

"Yanzu fa? Kada ka yi mini Faransanci. Faɗi da abin da ka sani."

Na ce, "Alewar da 'yan mata ke dafawa, daidai lokacin da sukari ya fara ja kafin ya ƙone. Da ɓawon burodi. Can ƙasa kuma akwai dabino, irin wanda ya kwana a aljihu. Sai ɗan hayaƙi kaɗan, kamar wani yana gashi a can bayan layi."

"Ruwan tsami fa?"

"Babu."

"Man shanu?"

"Babu."

"Jiƙaƙƙen kwali?"

"Haba Pa, wa yake shinshina kwali?"

"Akwai ko babu?"

"Babu."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya buɗe ƙofa, ya fita kamar alƙali zai hau kujera. Ya gaya wa Madam giyarta lafiyarta ƙalau. Irin wannan, in ji shi, daga ƙasar sanyi ta fito, zaƙin hatsi ne ƙarfinta ba ɗaci ba, ba ta son gas da yawa, kuma in aka daskarar da ita sai ta rufe bakinta ruf, ba ƙamshi ba ɗanɗano. Madam ta ce, "Wato in ba mutane giya mai ɗumi a Douala? So kake a ƙona mini otal?" Ya ce ba mai ɗumi ba, mai sanyin randa. Ni kuma na ware mata layinta daban, na sassauta sanyin, na sauke allurar gas har ta riƙa zubowa a natse da 'yar kumfa mai laushi a kai.

Kafin mu tattara kaya sai ga wani tsohon injiniya mai jan wuya ya sauko cin abincin rana, aka zuba masa. Ya sha, ya ƙura wa kofin ido. Sannan ya miƙe ya kama hannun Pa Etiyen da hannu biyu yana girgizawa, yana wani Turanci da ko mai jin Pidgin bai kama ba. Ni ma bai manta da ni ba. Ya miƙo mini kofin da ya shanye in ajiye masa.

Daga ranar muka zama mutum ɗaya da rabi. Ni in ja kofi, in wuce da shi ta ƙarƙashin hancina kamar ina duba kumfa, in yi ƙasa da murya in jefa masa kalma da Hausa, cikin 'yan kaɗan da na koya masa, don kada masu wuri su gane. In na ce man shanu, ya san tiyo ya yi datti. In na ce ruwan tsami, iska ta shiga. Kwali kuwa, ganga ta tsufa. Shi ya kurɓa, ya kalli rufi, ya yanke hukunci da Faransanci mai tsada. Ni na san wari ban san ma'anarsa ba, shi ya san ma'ana ba ya jin warin. Sunan Pa Etiyen ya ƙara tashi. Patiron har nuna shi yake yi ga sababbin ma'aikata, yana cewa tsufa ba ya taɓa harshen gwani. Muka ci damina guda a haka, muna ganin ba a yi masu wayo kamarmu ba.

Yanzu ku buɗe kunne, don wannan ya shafi injinku. Ranar wankin tiyo ana cire ganga, a tura ruwan soda ya cika layin, a bar shi ya jiƙa ya cinye dattin, sannan a bi da ruwa mai yawa, a yi ta bi har yatsa ya daina jin santsi. Sodar nan in ta daɗe a fata sai ta saɓule ta. Saboda haka muddin tana cikin layi, ana ɗaure jan ƙyalle a kan famfo, kuma wanda ya ɗaura shi kaɗai ke kwancewa.

Wata safiya a wannan otal ɗin na Bonapriso, na cika layin giyar Sikotland da soda, na ɗaure ƙyallena, na sauka sito in sauya tukunyar gas. Pa Etiyen bai iso ba, cunkoson motoci a kan gada ya riƙe shi. Akwai wani sabon mai zuba giya, Serj, da aka gaya masa wasu baƙi za su zo ɗaukar hoton mashayar. Ya ga tsumma a kan famfo mai ƙyalli, ya ga bai dace da hoto ba, ya kwance ya jefa a shara. Mutum ne mai tsabta. Sai ga Pa Etiyen ya shigo yana haki, ya ga famfo ba ƙyalle, ya ɗauka na gama. Madam tana tsaye, ta ce ya ɗanɗana mata kafin baƙin su iso. Ba zai iya ce mata a jira mai gyaran tiyo ya zo ya shinshina masa ba. Serj ya ja masa kofi. Sodar ta gauraya da ragowar giyar, ta fito ja-ja da 'yar kumfa a kai, kamar gaske.

Mai lafiyar harshe da ta taɓa shi zai tofar, don ɗacinta da warin sabulunta ba sa ɓuya. Pa Etiyen ya kurɓa, ya kalli rufi, ya haɗiye. An ce har ya buɗe baki zai yaba kafin wutar ta kama shi.

Ƙarar fashewar kofi na ji. Na hawo na tarar da shi a durƙushe ya riƙe maƙogwaro, miyau na zuba, leɓensa ya yi fari. Serj yana ta neman manja, wai a ɗura masa ya yi amai. Na ture shi gefe, don abin da ya ƙona hanya da shiga zai sake ƙona ta da fita. Na kuskure masa baki da ruwa, na saɓa shi a kafaɗa, ba shi da nauyi ko kaɗan, na tare tasi. Direban ya fara cewa ba hanyarsa ba ce. Da ya kalli fuskata sai ya tuna hanyarsa ce.

A asibiti likita ya fito ya same mu, ni da patiron da ya iso yana gumi. Ya ce zai rayu, amma maƙogwaron ya ƙone, zai daɗe bai ci abu mai tauri ba. Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya roƙe shi: "Abin da ban gane ba, ta yaya mutum zai riƙe wannan a baki bai ji ba? Dama ba ya jin ɗanɗano ne?"

Patiron ya juyo ya dube ni. Ni kuma a daidai lokacin na gano wani abin sha'awa a kan takalmina.

Da aka bari na shiga wurinsa, Pa Etiyen yana kwance da roba a hanci. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya. Da ƙyar iska ta fito masa. Ya ce, "Launinta dai ya yi kyau."

Patiron bai ko jira a sallamo shi ba. Ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Garba, mon frère, wato duk watannin nan kai ne. Madalla. Tsohon ya yi ƙoƙari, sai ya huta. Kai ka karɓi wurinsa, farar riga, ba ɗaukar akwati. Hanci kana da shi, saura ka ƙara baki."

Na ce, "Bakin nawa yana da aiki, patiron."

"Wane aiki?"

"Da shi nake salla."

Ya yi dariya, ya ce in je in yi tunani. Na ɗora masa akwatin kayan aikinsa a kan tebur, na ce na riga na yi tunanin tun a asibiti. Liman ya yi shekaru yana mini wa'azi bai fitar da ni daga giya ba, Serj ya fitar da ni da tsumma ɗaya.

Injin da kuke gani a shagon nan daga bola na haɗa shi, famfo daga nan, kwanfireso daga can. Tiyo kaɗai na saya sabo, don tiyon da giya ta bi ba zai ga foleren Hajara ba. Ita ke dafawa a bayan shago, folere da ruwan citta, ni in yi ta tacewa har ya fita tas. Na taɓa gwada kunun aya, ya toshe layi ya yi tsami kafin azahar. In kun ga dama ku ma ku gwada, ku kira ni in zo in yi dariya. Kuma ku sani sukari ya fi giya ɓata tiyo. Wanda ya yi ƙyuyar wanki, gudawa mai sanyi zai riƙa sayar wa jama'a, kuma a New Bell an san gidan kowa.

Da Pa Etiyen ya fara fita, muryarsa ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti, abincinsa koko da dakakkiyar ayaba. Zaman gida ya ishe shi, sai ya riƙa hawo bensikin ya zo nan ya zauna, farar rigarsa a goge, Kirista ɗaya tilo a tsakiyar masu hula. Kowace safiya nakan ja kofin farko in miƙa masa. Ya ɗaga ga haske, ya juya, ya sa hanci, ya kurɓa, ya kalli rufin kwano, ya ce, "Impeccable," wato ba aibi. 'Yan kasuwar da suka zo daga Kano da Maiduguri ba da daɗewa ba suka yi ta yaɗawa wai shagon Garba har ƙwararren mai ɗanɗano gare shi, irin na kamfani. Ciniki ya buɗe. Ni na san ko ruwan wankin babur na ba shi haka zai ce, shi ma ya san na sani. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen. Muka shekara a haka, muka ƙara.

Ran nan na tashi da mura, hancina a toshe kamar an yaɓe shi da laka. Hajara kuma ta ɗora tukunyar citta, 'yar'uwarta ta bugo waya daga Garoua, aka shiga labarin biki. Na tace, na zuba a inji, na ja kofin farko na miƙa wa Pa Etiyen ina amsa gaisuwar wani. Sai na ji fuuu! Ya feso shi har kan wandona.

"Alaji! Wane marar imani ne ya ƙona cittar nan?"

Na ce, "Pa, me ka ce?"

"Na ce ta kama gindin tukunya! Kamar ana lasar gawayi! So kake ka kashe..."

Sai ya tsaya. Ya dubi kofin. Ya sake kurɓa, ya yamutsa fuska, ya sake kurɓa. Bai tofar ba. Ya shanye ƙonannen nan tas, ya miƙo kofin ya ce in ƙaro.

Hajara ta leƙo daga ƙofar baya da shirin faɗa, ta ga fuskarsa, ta koma ciki. Na ƙara masa, sannan na buɗe famfo na juye sauran cittar ranar gaba ɗaya a kwata, masu jira suna kallo suna salati. Wani ya ce asara, na ce e, babba kuwa.

Pa Etiyen ya miƙe ya fita bakin titi. Ya tsaya tsakanin mai tsire da kwatar nan da ba wanda ya tuna ranar da aka yashe ta, bensikin suna wucewa suna turnuƙe shi da hayaƙi. Ya ja numfashi har ƙirjinsa ya ɗaga. Ya juyo da wannan murya tasa ta buhu.

"Alaji, tun yaushe unguwar nan take wari haka, ba wanda ya gaya mini?"

Na ce, "Tun kafin a haife ni, Pa."

Ya ce, "Fito mini da kujerata nan."